Shin homon ne ke sa tsutsar nematod yin saɓa, kamar yadda yake a jikin ƙwari?

Tambayar ta fito ne daga wata ɗaliba da ke shekarar ƙarshe a fannin nazarin dabbobi a nan Gombe. Ta ce an koya musu cewa fara da sauran ƙwari suna saɓa ne idan homon ekdison, wani sinadari mai kai saƙo a cikin jiki, ya yawaita a jikinsu, kuma ta karanta cewa tsutsotsin nematod, wato sirara masu kama da zare irin na cikin dabbobi, su ma suna saɓa. Shin homon ɗin ɗaya ne? In kuwa ɗaya ne, me ya hana a haɗa maganin da zai tsayar da saɓar tsutsar cikin da ke ƙarar wa mahaifinta tumaki duk damina a wajen Kumo?

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi wa karatu albarka, ya kuma tsare wa Baba dukiyarsa.

Amsa a taƙaice: ba ɗaya ba ne, kuma ina roƙonki kada ki kwashe labarin ƙwari ki ɗora wa nematod kai tsaye, ko a jarrabawa ko a kundin bincikenki. Ɗalibai da yawa suna yin haka, kuma ba laifinsu ba ne kacokan, domin tun 1997 masana suka haɗa ƙwari da nematod a babban rukuni guda mai suna Ecdysozoa, wato dabbobin da ke saɓa. Da mutum ya ji haka sai ya ɗauka abin da ke tuƙa saɓar ma guda ne. Amma a tsutsar da aka fi bincika a duniya, Caenorhabditis elegans, an nemi homon saɓa shekaru da dama ba a kama shi ba har yau. Abin da aka samu a maimakonsa ya fi ban sha'awa, kuma ya fi kusa da matsalar tumakin Baba.

Mu fara da ita saɓar. Kusan kowace nematod tana saɓa sau 4 kafin ta balaga: daga matakin girma na farko, L1, zuwa L2, L3, L4, sannan babba. Bayan ta balaga ba ta sake yi, ko da za ta ci gaba da girma. Fatar wajen da take tuɓewa yawancinta kolajin ne, ba kaitin ba irin na ƙwari, kuma C. elegans kaɗai tana da ƙwayoyin gado sama da 170 na kolajin fata. Idan lokacin saɓa ya zo, tsutsar tana daina cin abinci, ta daina motsi, ta kwanta kamar mai barci na kimanin awa 2. A cikin wannan kwanciyar tsohuwar fata ke rabuwa da naman da ke ƙarƙashinta, sabuwa kuma tana ginuwa daga ciki. Daga nan sai tsutsar ta yi ta murɗawa, ta tsinke fatar da ta lulluɓe cikin maƙogwaronta, ta fasa ta gaba, ta fice. Wadda ta kasa fita tana mutuwa a cikin tsohuwar fatarta, ko ta yi ta jan guntunta a jiki har ya shaƙe ta.

A ƙwari an san hanyar tun da daɗewa. Ƙwaƙwalwa ce ke sakin homon da ke zaburar da wata ƙullutuwa a gaban ƙirji, ita kuma ta saki ekdison. A 1954 Butenandt da Karlson a Jamus suka tace miligiram 25 na ekdison daga kilo 500 na tsutsar siliki. Jiki yana mayar da ekdison zuwa siffarsa mai aiki, wadda ke shiga sel ta manne wa makarɓinta. Homon da makarɓinsa kamar makulli ne da kwado: in babu kwadon, ko makulli dubu kika zuba babu ƙofar da za ta buɗe. Makarɓin ekdison a ƙwari sunadarai biyu ne haɗe, wato furotin biyu, EcR da USP. Idan suka karɓi homon sai su kunna jerin ƙwayoyin gado, ɗaya bayan ɗaya, har a kai ga saɓa.

To, a 1998 aka kammala karanta ɗaukacin ƙwayoyin gadon C. elegans, wadda ita ce dabba ta farko da aka yi wa haka. Aka duba, babu EcR, babu USP. Kuma ba don tsutsar tana da ƙarancin irin waɗannan makarɓai ba ne: tana da kusan 284, alhali ɗan Adam yana da 48 kacal. Duk da wannan yawa, na ekdison ba ya ciki. Amma ga abin mamaki: waɗanda ke zuwa a bayan EcR a jerin ƙwari suna nan daram a jikin tsutsar, kuma aikin saɓar suke yi. Mafi muhimmanci shi ne NHR-23, ɗan'uwan DHR3 na ƙuda. Yawansa yana hawa ya sauka a kowane mataki, sau ɗaya kafin kowace saɓa, kuma idan aka kashe shi tsutsar ba ta iya tuɓe fata a ko wanne mataki. NHR-25 ma haka, ɗan'uwan FTZ-F1 ne na ƙuda. Ke nan tsakiyar jerin da ƙarshensa tsoho ne, gadon kakanni guda, amma abin da ke kunna shi daga sama ya bambanta.

Me ya sa masana ba su haƙura da batun homon ba? Saboda kolastarol. Nematod ba ta iya ƙera kolastarol da kanta, dole ta samo shi daga abinci. Kuma adadin da take buƙata ɗan mitsitsi ne, bai kai na gina bangon sel ba, ya fi kama da adadin da ake buƙata don ƙera homon. Idan aka hana C. elegans kolastarol, 'ya'yanta suna kasa saɓa. Idan aka lalata LRP-1, sunadarin da ake ganin yana shigo da irin waɗannan maiƙo cikin sel ɗin fata, sakamakon iri ɗaya ne. Haka kuma ɗan'uwan NHR-23 a jikin ɗan Adam, mai suna ROR, yana iya riƙe kolastarol da danginsa. Waɗannan duka alamomi ne masu ƙarfi cewa wani sitiroyid yana da hannu a saɓa. Alama dai ba hujja ba ce. A 2005 Frand da Russel da Ruvkun suka bi ƙwayoyin gadon tsutsar suna kashe su ɗaya-ɗaya, suka samu 159 da saɓa ba ta yiwuwa sai da su. An samu masu narka tsohuwar fata, masu gina sabuwa, masu kai saƙo, amma homon guda da za a nuna a ce ga shi bai fito ba.

Ni a ganina, abin da ya fi dacewa ki riƙe shi ne tambayarki ta ƙunshi tambayoyi uku da ya kamata a raba: me ke sa saɓa ta riƙa maimaituwa a kan lokaci, me ke ƙidaya ta ya tsayar da ita a ta huɗu, sannan me ke yanke wa tsutsa hukuncin ta ci gaba ko ta tsaya ta jira. Amsoshin ba ɗaya ba ne, kuma a ta ukun ne kawai aka tabbatar da homon ƙarara.

Maimaituwar tana tafiya ne da agogon cikin jiki. Dubban ƙwayoyin gado suna hawa suna sauka tare, kusan duk awa 8 a zafin digiri 25, kowanne da lokacinsa a cikin zagayen. Daga cikin masu riƙe da wannan agogo akwai LIN-42, ɗan'uwan sunadarin Period wanda ke tsara mana barci da farkawa. Idan aka lalata shi saɓa tana rikicewa, ta zo ba a kan lokaci ba. Ita kanta kwanciyar kafin saɓa akwai jijiya guda mai suna RIS da ke sakin ɗan ƙaramin sunadari, FLP-11, don kawo ta. Ƙidayar kuwa tana hannun jerin ƙwayoyin gadon da Victor Ambros da Gary Ruvkun suka yi aiki a kansu, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel ta 2024. A 1993 aka gano lin-4 ba sunadari yake samarwa ba, ɗan guntun RNA ne, a 2000 kuma aka gano let-7 ma haka yake. Su ne ke gaya wa sel ɗin fata wane mataki ake ciki. Idan aka lalata let-7 ko lin-29, fatar ba ta san an balaga ba, sai tsutsar ta sake yin saɓa ta biyar, abin da sau da yawa yake halaka ta.

Yanzu ga ta ukun, inda nake so ki tsaya sosai. Idan ƙaramar C. elegans ta ji cunkoso ya yi yawa, abinci ya yi ƙaranci, zafi ya ƙaru, ba ta shiga L3 na yau da kullum. Tana saɓawa zuwa wata siffa dabam da ake kira dauer, wadda Cassada da Russell suka bayyana a 1975: siririya, bakinta a toshe, fatarta mai kauri, ba ta ci, kuma tana iya rayuwa watanni alhali tsutsar da ta balaga makonni 2 zuwa 3 take yi. Tana gane cunkoso ne ta wasu sinadarai da 'yan'uwanta ke fitarwa, askarosid. Jijiyoyin kanta suna auna wannan da ƙamshin abinci da zafi, su aika saƙo ta hanyoyi biyu, ta insulin da ta TGF-beta. Idan saƙon ya ce duniya lafiya, wani sunadari mai suna DAF-9 yana kammala ƙera homon daga kolastarol. A 2006 aka gano wannan homon, aka sa masa suna asid ɗin dafakuronik. Makarɓinsa shi ne DAF-12. In homon ya hau DAF-12, tsutsa ta wuce ta balaga. In babu homon, shi DAF-12 ɗin ne dai ke rufe hanya ya tura ta dauer. Tsutsar da aka lalata wa DAF-9 tana shiga dauer ko abinci ya cika mata gaba, da an ɗiga mata homon kuma sai ta ci gaba da girma. Wannan ita ce irin hujjar da ake nema kafin a kira abu homon.

Amma ki lura da kyau, domin nan ne ake yawan zamewa: asid ɗin dafakuronik ba homon saɓa ba ne. Tsutsar da ba ta da DAF-12 gaba ɗaya tana saɓa, tana kai wa ga balaga, dauer ce kawai ba ta iya shiga. Homon ɗin yana zaɓar wace saɓa za a yi, ba shi ke sa a yi ta ba. Yana da alaƙa da ƙidayar, tunda DAF-12 mai ɗauke da homon yana kunna wasu 'yan'uwan let-7, amma wannan wani aiki ne dabam.

Me ya haɗa wannan da tumakin Baba? Tsutsar da ta fi kashe tumaki da awaki a ƙasarmu da damina ita ce Haemonchus contortus, mai zama a ciki na huɗu na dabba tana shan jini. Mace guda tana iya zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana. Alamarta ke ma kin san ta: fatar ido ta yi fari, ƙasan haɓa ya kumbura da ruwa, dabba ta riƙa zama baya a garke. Ƙwan yana fita da kashi, ya ƙyanƙyashe, L1 ta saɓa zuwa L2 a cikin kashin. A saɓa ta biyu sai ta yi wani abu: ta zama L3 amma ba ta tuɓe fatar L2 ba, ta bar ta a jiki ta zama mata kube. A cikin kuben ba ta ci, ba ta girma, tana hawa ciyawa da raɓa tana jira. Saɓa ce da aka fara aka dakatar a tsakiya, kuma wannan L3 mai jira ita ce takwarar dauer. Abin da ke ƙarasa saɓar yana fitowa ne daga jikin tunkiya. Rogers da Sommerville a Ostareliya sun nuna tun shekarun 1950 da 1960 cewa iskar kabon da ta narke a ruwan tumbi, tare da ɗumin jikin dabba, su ne ke tada ita. Tsutsar ta saki ruwa mai narka sunadari, ya ci wani zobe a kuben kusa da kai, hular ta ɓalle, ta fito. Binciken baya-bayan nan ya nuna Haemonchus ma tana da DAF-12 da asid ɗin dafakuronik, kuma suna da hannu a wannan farkawa da ci gaban da ke biyo baya.

Akwai tsayawa ta biyu da ta shafe mu kai tsaye. Binciken da aka yi a yankin Zariya a shekarun 1970 ya nuna cewa tsutsotsin da dabba ta haɗiya a ƙarshen damina da yawansu ba sa balaga. Suna shiga bangon ciki su tsaya a farkon L4, su shafe rani a can, lokacin da ƙwai ba zai rayu a ƙasa ba. Da damina ta gabato sai su farka, su yi saɓar ƙarshe, su fara shan jini da zuba ƙwai, daidai lokacin da dabba ta rame da yunwar bazara. Saboda haka ki gaya wa Baba cewa garken da ya ga lafiya lau da kaka ba lallai ne ya rabu da tsutsa ba, kuma gwajin kashi a tsakiyar rani yana iya nuna ƙwai kaɗan alhali ciki cike yake. Ya tuntuɓi likitan dabbobi a kan lokacin ba da magani da kuma maganin da ke kama waɗannan masu kwanciya, ya kuma daina rage awo don kwalba ta isa garke. Rage awon nan yana cikin manyan hanyoyin da tsutsa ke koyon jure magani, kuma abin yana damuna ƙwarai domin irin magungunan da muke da su ba su da yawa.

A ɓangaren mutane ma labarin DAF-12 yana da nauyi. Tsutsar da ke huda tafin ƙafar mai tafiya ba takalmi, da Strongyloides stercoralis, duk L3 mai jira ce ke shiga jiki, kuma duk an samu DAF-12 a jikinsu. Strongyloides tana da hatsari na musamman domin tana iya sake kama mai ita daga cikin hanji shekara da shekaru. Idan irin wannan mutum ya sha magungunan sitiroyid kamar dexamethasone, tsutsar tana iya yaɗuwa ko'ina a jiki ta kashe shi. Ki tuna da wannan duk lokacin da kika ga ƙawa tana shan ƙwayar ƙiba ba da izinin likita ba. A gwajin dabbobin ɗakin bincike, ba da asid ɗin dafakuronik ya rage wannan yaɗuwa sosai, domin yana yaudarar tsutsar ta ci gaba da girma a inda bai kamata ba, ta kasa zama mai kamuwa. Gwaji ne dai, bai zama maganin asibiti ba.

Kada kuma ki ɗauka na ce babu ekdison a duniyar nematod kwata-kwata. C. elegans ba ita ce dukkan nematod ba, kuma ta zubar da abubuwa da dama da 'yan'uwanta suka riƙe. Tsutsotsin filariya, dangin masu kawo tundurmi da makantar bakin kogi, suna da EcR. An same shi a Brugia malayi da Dirofilaria immitis, tsutsar zuciyar kare, kuma an nuna ekdison mai aiki yana zaburar da L3 ta Dirofilaria yin saɓa a cikin kwalbar gwaji. An kuma auna ɗan ekdison kaɗan a jikin wasu nematod. Abin da ya rage shi ne hujjar cewa tsutsar da kanta take ƙera shi daga kolastarol, ba daga sauro ko abinci ta samo ba. A Onchocerca volvulus, wadda baƙin ƙudan bakin kogi ke yaɗawa, saɓar L3 zuwa L4 tana faruwa ne cikin kwanakin farko bayan ta shiga fatar mutum, kuma tana buƙatar sunadarai masu narka fata da ake kira katefsin L da Z. Tana kuma buƙatar bakteriyar Wolbachia da ke zaune a cikin jikinta: idan aka kashe bakteriyar da doxycycline, girma da saɓa da haihuwa duk suna lalacewa.

To me ya hana a yi maganin? A ƙwari an yi: tebufenozide da methoxyfenozide suna kwaikwayon ekdison, su tilasta wa tsutsar malam-buɗe-littafi saɓar da ba ta shirya ba, ta mutu. Sinadarin azadiraktin na 'ya'yan dogon yaro ma yana rikita homon saɓar ƙwari. Wannan ya yiwu ne domin an san makarɓin da za a nufa. A nematod, magungunan da ke kasuwarmu babu wanda ke aiki ta saɓa: albendazole yana lalata ginshiƙan cikin sel, levamisole da ivermectin suna shanye jijiya da tsoka. Akwai kuma matsala ta daban da ba a cika faɗa ba. Babbar tsutsa ta gama saɓa, kuma ita ce ta fi shan jinin. Maganin hana saɓa ba zai ceci tunkiyar da ta riga ta kwanta ba, aikinsa riga-kafi ne. Shi ya sa ni na fi sa rai a kan wuraren tsayawar nan, tuɓe kube da farkawa daga kwanciyar rani, fiye da saɓar yau da kullum.

In kina neman aikin da za ki iya yi da kayan da ke sashenku, ga shi. Ki samo kashin tunkiya mai tsutsa, ki ajiye shi da ɗan danshi a inuwa kwana 7 zuwa 10, ki tace L3 da mazurarin Baermann, wanda ake jiƙa kashin a ƙyalle cikin ruwa tsutsotsin su gangara ƙasa. A ƙarƙashin madubin ƙara girma za ki ga kuben a fili, musamman ta wajen wutsiya. Ruwan bilic da aka tsarma sosai yana sa su tuɓe shi cikin ƙasa da awa guda, kuma a kan haka aka gina wani sanannen gwaji: a jiƙa wasu L3 a ruwan tsiro mai sinadarin tanin, a wanke su, sannan a ƙidaya nawa suka tuɓe a kowane minti 10 idan aka kwatanta da waɗanda ba a jiƙa ba. Bagaruwar da majema ke jima da ita cike take da tanin, kuma ba ta da wuyar samu a Gombe. Ki maimaita kowane awo aƙalla sau 3, ki ajiye rukunin da ruwa kawai aka sa masa. Idan kika ga jinkiri, ki rubuta cewa ruwan bagaruwa ya jinkirta tuɓe kube a kwalba. Kada ki rubuta cewa ya toshe homon, domin tanin yana manne wa sunadaran fata ne daga waje, kuma bilic yana narka kuben ne ba tare da ya bi ta jijiyar tsutsa ba. In kina son gwajin da ya fi kusa da abin da ke faruwa a tumbi, sai ki nemi iskar kabon da wurin da zai riƙe miki zafi a wajen digiri 39 zuwa 40.